Wutsiyar Turancin Iliyasu

A Marken Dutse, wani ƙauye da ke gabas da Makoda inda gonar wannan ke jingine da ta wancan, babu wanda bai san cewa Iliyasu ya yi shekara huɗu a Legas ba. Ko baƙo ne ya tsaya tambayar hanya, kafin ya tayar da babur ɗinsa ya ji labarin. Abin da Iliyasu ba ya yawan faɗa shi ne aikin da ya yi a can, wato gadin ƙofar wata makarantar kuɗi. In an matsa masa sai ya ce, "Ina ɓangaren ilimi." Ba ƙarya ya yi ba, domin ɗakin gadinsa yana manne da tagar aji uku, kuma a cewarsa Turancin da ya shiga kunnensa ta wannan taga ya fi wanda ke cikin kan malaman ƙaramar hukumar gaba ɗaya.

Wata ranar Talata cikin kaka, ana tsakiyar cirar gyaɗa, Zuliha ta shigo gidan Iliyasu da littafi a hannu, ranta a ɓace. Zuliha yayar Luba ce, matar Iliyasu. Shekara tara tana taimakawa a ɗakin shan magani na ƙauyen, ta iya awon ciki, ta iya kwantar da hankalin mai naƙuda, amma makarantar koyon aikin lafiya ta ƙi ɗaukarta saboda ba ta da kiredit a Turanci. Sau biyu tana zana jarrabawar 'yan waje tana faɗuwa. Wannan ce ta uku, saura kusan mako huɗu, kuma mijinta ya ce daga ita a haƙura.

"Wannan wurin ne ke kashe ni," ta ce da Luba, tana nuna shafi. "Subject-verb agreement. Wai a zaɓi go ko goes, is ko are. Ni duk kamarsu ɗaya a idona."

Iliyasu yana bakin rumbu yana ɓare gyaɗa. Ya ajiye kwanon a hankali, ya karkaɗe hannu.

"Yaya Zuliha, kina da likita a gida kike yawo da ciwo? Agrimen ai yarjejeniya ce. Ni da na ji ana koyar da ita zango goma sha biyu."

"Malam," in ji Luba, "ta taga fa ka ji."

"Tagar ba ta da labule."

Kafin la'asar ya sanar a teburin shayin Inuwa cewa ya buɗe makarantar share fagen jarrabawa a zaurensa, kuma duk wanda ya zauna gabansa mako uku, in ya faɗi Turanci, shi Iliyasu zai bar garin da ƙafa. Inuwa mai shayi, wanda tun suna yara ba ya barin maganar Iliyasu ta faɗi ƙasa ba tare da ya taka ta ba, ya tambaya ko a fara yi masa guzuri. Amma Sama'ilu mai faci ya saurara da kyau. Shi ma Turanci ne ya tare masa hanyar kwalejin ilimi ta Bici, kuma ya gaji da hura tayar mutane. Ya ce a rubuta sunansa.

Washegari Iliyasu ya fasa tsofaffin batura shida, ya kwaɓa baƙin da ruwan ƙaro, ya shafe bangon zauren ya zama allo. Ya saka farar rigarsa ta Juma'a, ya rataya biro uku a aljihu. Ɗalibai biyu suka zauna a tabarma. Inuwa ya jawo benci ya zauna a bakin ƙofa, ya ce shi ba karatu ya zo ba, iska ya zo sha.

"Abin da malamai ke wahalar da ku a kansa shekara shida," in ji Iliyasu, "zan gama muku shi kafin shayin Inuwa ya huce. Ku dubi wannan harafi." Ya zana ƙatuwar s. "Wannan ita ce wutsiya. Bature in yana nufin abu da yawa sai ya sa masa wutsiya. Boy, yaro ɗaya. Boys, yara. Ko ba haka ba?"

Suka ce haka ne.

"To, yarjejeniya ita ce kowa ya bi irinsa. In mai aikin yana da wutsiya, aikin ma a ba shi wutsiya. In ba shi da ita, kada a ba aikin, don kada a yi rashin adalci. The boys goes. The boy go. Shi ke nan Turanci ya ƙare."

Zuliha ta ji wani sanyi a ranta. Tunda take ba a taɓa yi mata bayanin da ya zauna daram haka ba.

"To is da are fa?" in ji Sama'ilu.

"Wanne ne mai wutsiya a cikinsu?"

"Is."

"Ka ga ka fara zama ɗan boko. The boys is. The boy are. Haka was, haka has, haka does. Duk na taro ne."

Inuwa ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa. "Malam, ina da tambaya. Abbas mahauci fa? Sunansa da wutsiya ya ƙare. Shi mutum nawa ne?"

Iliyasu bai ko juya ba. "Ka taɓa ganin Abbas a gaban tuwo?"

"Na gani."

"To mutum nawa ka gani?"

Inuwa ya sallama. Iliyasu ya ji daɗin nasarar har ya jingina da allo, ya harɗe hannuwa, ya ba su labarin yadda wani shugaban makaranta a Legas ya taɓa tsayawa a ƙofa ya nemi shawararsa. Da aka kira azahar ya wuce masallaci a gaba, jama'a na biye, bayansa baƙi ƙirin, da The boys goes a juye daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Sahun baya bai samu natsuwa a sallar nan ba. Luba ta yi kwana biyu tana fama da rigar, daga ƙarshe ta ce sai dai a rina ta gaba ɗaya.

A kwana na huɗu Zuliha ta zo da damuwa. Ta gwada tambayoyin da ke cikin littafinta, ta duba amsoshin da ke baya, ko ɗaya ba ta dace ba.

Iliyasu ya karɓi littafin, ya juya shi, ya shinshina, ya duba inda aka buga.

"Na sani. Bugun gaggawa ne. Irin wannan a Legas a bakin titi ake zuba su." Ya yi ta buɗa shafuka yana tsaki, har idonsa ya faɗa kan wani layi, ya buga cinya. "Ku zo ku gani. The news is good. News, wutsiya. Is, wutsiya. Ga wani, Mathematics is easy. Nan mai bugun ya farka daga barci ya rubuta daidai. Sauran duk gyangyaɗi ne."

Sama'ilu ya leƙa, ya ga wutsiya na bin wutsiya da idonsa, ya ce wallahi Malam ya yi gaskiya. Iliyasu ya zare jan biro, ya zauna ya gyara amsoshin littafin tun daga shafi na ɗaya har bango. Da ya gama ya rubuta sunansa a ƙasan na mawallafin.

Mako na biyu ya ce karatu a zaure ya isa haka, za a fita aikin gani da ido, kamar yadda ake yi a manyan makarantu. Ya ari awakin Luba guda biyar ba tare da ya gaya mata ba. Ya yanka kwali, ya rubuta s a kan guda huɗu, ya rataya musu a wuya, ya ɗaure ta biyar ita kaɗai a gindin marke.

"Wannan ta kaɗaita. Sama'ilu, tana cin ciyawa."

"The goat eat."

"Madalla. Yaya Zuliha, waɗancan huɗun."

Zuliha ta juya ta nuna su, sai ta ga wuri fayau. Awakin sun cinye kwalayen wuyan juna, sun bi ta ɓarakar darni, sun faɗa shanyar gyaɗar Mai Unguwa. Iliyasu ya kwasa a guje, ɗalibai na biye. Ya kama ƙafar wata, ta ja shi a kan gyaɗar kamar buhu, hularsa ta yi gabas, takalminsa ya yi yamma. Uwargidan Mai Unguwa ta fito da muciya tana tambayar wane marar aikin yi ne wannan. Inuwa, da ya biyo su da kofin shayi a hannu, ya tsaya a inuwa ya ce, "The goats eats kam, Malam. Yau na yarda da karatun nan."

Mai Unguwa, dattijo mai haƙuri, ya sa aka kira Iliyasu. Iliyasu ya durƙusa, ya ce ranka ya daɗe ilimi ba ya samuwa sai da sadaukarwa, kuma tarihi zai tuna cewa gyaɗar Mai Unguwa na cikin waɗanda suka ba da gudummawa. Mai Unguwa ya ce tarihi ya zo ya share masa shanya kafin magariba.

Wani zai yi sanyi daga nan. Iliyasu kuwa sai ya ga cewa matsalar ta wuce ɗalibai biyu, garin ne gaba ɗaya ke zaune cikin kuskure. A jikin burtsatsen unguwar akwai wani allon ƙarfe da waɗanda suka haƙa shi suka kafa, an rubuta This borehole belongs to the community. Shekara bakwai yana nan ba wanda ya kula. Da safe, lokacin da mata suka yi layi da jarkoki, Iliyasu ya iso da wuƙa da ɗalibansa.

"Borehole guda nawa kuke gani?"

"Ɗaya," in ji Sama'ilu.

"To wa ya ba belongs wutsiya?"

Ya jawo jarkar wata mata ya hau, ya fara kankare harafin. Matar ta ce ya sauka mata daga kan jarka. Ya ce ta yi haƙuri, gyaran da yake yi har jikokinta za su amfana. Ta ce jikokinta ruwa suke jira, ta fizge abarta. Iliyasu ya rungumi allon don kada ya faɗi, allon ya tumɓuke daga gindi, su biyun suka kwanta cikin taɓon da agwagi ke wanka. Da ya miƙe, wutsiyar tana nan daram a jikin allon, tasa rigar ce ta yage har ƙugu.

Ran nan Luba ta jira sai da ya ci abinci. Sannan ta ce, "Malam, Anti Tahira ta zo ganin gida. Ka bari ta duba karatun nan mana. Wannan ce damar Yaya ta ƙarshe."

Malama Tahira 'yar Mai Unguwa ce, ta yi shekara ashirin tana koyar da Turanci a wata sakandaren 'yan mata a Bici. Luba na nufin a je a same ta a cikin gida, a yi magana a rufe. Iliyasu ya ji abin daban.

"Kin kawo shawara. A gaban jama'a za a yi. Ita ma ta ƙaru."

Ya bi gida gida yana gayyata. Ya aro lasifikar masu wa'azi. Ranar Juma'a bayan an sauko, ƙofar gidan Mai Unguwa ta cika, maza a gaba, mata daga bakin zaure, Abbas mahauci ya kafa tukubarsa a gefe don ya ga taro. Iliyasu ya yi jawabin buɗewa na kusan rabin awa, ya gode wa Legas, ya yi wa malaman zamani nasiha da su rage girman kai.

Malama Tahira mace ce marar hayaniya. Ta rubuta tambayoyi ashirin a takarda, kowace da zaɓi biyu, ta miƙa wa Zuliha da Sama'ilu.

"A ba Malam ma tasa," in ji Inuwa. "Mu ga yadda ake yi a Legas."

Jama'a suka ce haka ne. Iliyasu ya yi dariya, ya ce wannan kamar a sa liman ya karanta Fatiha ne, amma ya karɓa. Da ya zauna ya ga idon mutum ɗari a kansa, sai layukan suka fara rawa. Tambaya ta uku ta ce The women, ba wutsiya, amma mata ne da yawa. Ta bakwai ta haɗa Audu da Bala. Gumi ya keto masa. Ya fara canki-canka, ya goge, ya sake, har takardar ta huje. Su kuwa ɗalibansa ko ɗaga kai ba su yi ba. In abu ɗaya ne su hana wutsiya, in da yawa ne su ba shi. Minti goma suka miƙa.

Malama Tahira ta duba ta Zuliha. Ta gyara tabarau ta sake dubawa. Ta ɗauki ta Sama'ilu, ta daɗe tana kallo.

"Faɗi kawai, Malama," in ji Iliyasu a lasifika. "Kada ki ji nauyin yabo."

"Zuliha, sifili. Sama'ilu, sifili."

Ta ɗauki takarda ta uku.

"Malam Iliyasu, huɗu."

"Kun ji ko," in ji Iliyasu da sauri. "Malami ya fi ɗalibi."

Sama'ilu ya miƙe tsaye. "Tsaya tukuna. Mu mun bi dokarka mun ci sifili. Kai ta ina ka samo huɗu?"

"Wurare huɗu ya manta karatunsa," in ji Inuwa. "Da ya manta duka, da ya cinye."

Dariya ta ɓarke har Mai Unguwa ya rufe baki da gefen rawani. Zuliha kaɗai ba ta yi ba. Ta zauna riƙe da takardarta, idonta ya ciko. Mako uku ta bar aikin gyaɗarta, ta haddace abin nan har tana faɗarsa a bakin murhu. Ta dubi mijin ƙanwarta ta ce, a hankali, "Iliyasu, saura kwana tara."

Wannan ta fi dariyar shigarsa. Lasifikar ta yi wani ƙara a hannunsa, ya kashe ta.

Malama Tahira ta ɗaga hannu aka yi shiru. "Zuliha, share hawayenki. Shekara ashirin ina gyaran takardu, ban taɓa ganin sifili mai tsabta irin wannan ba. Mai canki-canka yakan ci takwas ko goma. Kafin mutum ya faɗi ashirin cikin ashirin, sai ya san wane ne ɗaya, wane ne da yawa, bai kuskure ko sau ɗaya ba. Wannan shi ne mai wuyar, kuma kun iya shi. Dokar ce kawai aka ba ku a kife. Wutsiya ɗaya ce, ba a raba ta biyu. In mai aikin ya ɗauka, aikin ya haƙura. In mai aikin ba shi da ita, aikin ya ɗauka. The boy goes. The boys go."

Ta juya takarda ta rubuta sababbin tambayoyi goma. "Duk abin da Malam Iliyasu zai zaɓa, ku zaɓi ɗayan."

Zuliha ta ci goma. Sama'ilu ya ci tara, ya ce a ta ƙarshen ne tausayin Malam ya kama shi.

Kafin a watse Iliyasu ya farfaɗo. Ya kunna lasifika ya ce dama wannan ita ce dabarar, a Legas ana kiranta koyarwa ta baya, sai an kai ɗalibi ƙarshen kuskure sannan a juyo da shi, kuma yana gode wa Malama da ta kammala masa kashi na biyu. Mai lasifikar ya zo ya zare wayarsa ya tafi.

Kwana taran nan Zuliha da Sama'ilu sun yi su ne a tsakar gidan Mai Unguwa, Malama Tahira na bi da su ta wuraren da ke da tarko, irin su news da everybody da police. Da sakamako ya fito bayan wata uku, Zuliha ta samu kiredit ɗinta, ta tafi makarantar lafiya. Sama'ilu ya tsallake da ƙyar, amma ya tsallake. Iliyasu bai bar gari ba, tunda a lissafinsa ba wanda ya faɗi. Ya so ya buɗe zango na biyu, Luba ta shafe allon da farar ƙasa ta zuba buhunan gero a zauren.

Sai dai wani abu ya canza a Marken Dutse. Mutane suka fara zuwa neman shawararsa. Mai son sayen tunkiya ya kawo biyu ya ce Malam ya zaɓa masa. Mai tafiya Kano ya tambaye shi wace mota ce ba za ta lalace a hanya ba. Iliyasu yana ba da amsa da faɗin rai, bai taɓa bin sawu ya ga abin da suka yi da ita ba.

Da ruwan farko ya sauka a ƙarshen bazara, manoma suka rasa tabbas, a yi shuka ko a jira na biyu. Da hantsi sai ga su a ƙofar gidansa, kusan mutum ashirin, Inuwa a gaba, har da wakilin Mai Unguwa. Iliyasu ya fito, ya dubi sama ta gabas, ya dubi ta yamma, ya ɗebi ƙasa ya murza, ya sa a harshe.

"Wannan ruwan yaudara ne," ya ce. "Duk wanda ya shuka yau ya yi asarar iri. A jira mako biyu."

"Ka tabbata, Malam?" in ji Inuwa.

"Kamar sunana."

Suka yi godiya sosai, suka watse da sauri. Iliyasu ya koma ciki yana murmushi.

"Kin gani ko, Luba? A ƙarshe garin nan ya san darajar ilimi."

"Ya sani, Malam," in ji Luba. Tana durƙushe a bakin rumbu, tana cika ƙwarya da irin gero. "Miƙo mini sungumin can, in ka gama."